Marken da Baba Ke Ɗaure Jirginsa

Ranar da aka sallame ni daga asibiti, 'yata ta tsayar mana da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku da ya cika Tamale, muka biyo ta unguwar Kanvili saboda an tare babbar hanya ana gyara. A nan na hango jirgin ruwa a ƙofar wani sabon masaukin baƙi. Ɗan ƙarami ne na katako, irin wanda mutum uku za su cika shi. An shafe shi da fenti shuɗi da fari, an cika cikinsa da ƙasa har baki, an dasa furanni. Na ce da mai keken ya tsaya. 'Yata ta ce, "Baba, rana ya yi zafi paa. Dokta ya ce gida direkt, ka kwanta." Na ce a tsaya dai. Na sauko da ƙyar, na je na dafa gefensa, na bi layin ƙusoshin da yatsa, na sami ramin da aka fafe a bencin gaba, inda ake kafa sandar da ke ɗaukar zanen iska. Wanda ya ƙera jirgin nan ya san aikinsa. Wanda ya cika shi da ƙasa kuwa, Allah ya yafe masa, bai san abin da ya binne ba. Mai gadi ya taso yana washe baki, ya ce in hoto nake so ya ɗauke ni, Turawa ma kullum suna tsayawa su ɗauka. Na ce masa ta'aziyya na zo yi. Bai gane ba, 'yata kuma ta ja ni tana ba shi haƙuri, wai ciwo ne da tsufa.

Ba ciwo ba ne, ba kuma tsufa kaɗai ba. A cikin jirgi irin wannan na tashi, kuma daga dukan rayuwar nan ta ruwa abu ɗaya tak na fito da shi, sandar zanen jirgin babana. Na kafa ta a tsakiyar rumfar gidana a unguwar Dabokpa tun ina da ƙarfina, a jikinta nake jingina bayana kullum. Kwanakin da na yi a gadon asibiti masu jinya suna tsammanin jikoki nake kewa, ko tuwon da ba a hana shi gishiri ba. Ita nake kewa. Wannan sandar ita kaɗai ce a duniya ta san inda aka binne mahaifiyata, kuma ni na raba su da hannuna. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan magana a gidana ba.

Ni ba haifaffen Tamale ba ne, ko da yake a nan haƙorana suka zube. A bakin kogi aka haife ni, kudu da nan, a wani ɗan zangon Hausawa da ke maƙale da garin Gwanjawa, inda kakanninmu suka sauke kayan goro da gishiri suka ƙi tashi. Inna ta rasu ina ƙarami ƙwarai. Ba na iya kawo fuskarta. Abin da na riƙe shi ne ɗumin bayanta, da ƙamshin man kaɗe da hayaƙin kifi a zanenta. Yaro ba ya zuwa maƙabarta, don haka ban ga inda aka kai ta ba. Ƙanwar babana, Gwaggo, ita ta ɗauke ni. Ba a daɗe ba sai labari ya zo cewa an datse kogi can kudu mai nisa, ruwa zai taso ya ci gari. Dattawa suka yi ta dariya a ƙofar masallaci, suna cewa kogin da suka sani tun suna yawo tsirara ya san iyakarsa. Ruwan bai zo da hayaniya ba. Yau ya shiga gonar rogo, mako mai zuwa ya kai rijiya, wata na gaba muna alwala a inda muka saba yin sujada. Muka kwashe tukwane da tabarmi da kaji muka hau tudu. Matattu ne kawai ba a kwashe ba. Gidajen ƙasa suka narke, amma itatuwa suka ƙi faɗuwa. Suka mutu a tsaye, ganye ya zube, ɓawo ya saɓule, suka bar kawunansu farare a saman ruwa har iyakar ganin ido, balbelu suna sauka a kansu da yamma.

Kafin ruwa Baba kafinta ne na ƙofa da akwatin amarya. Bayan ruwa kowa ya zama mai neman jirgi, sai ya je ya zauna wajen masunta 'yan kudu da suka biyo kifi, ya koyi ƙirarsu, ya dawo ya fi su. Ina jin ƙarar wurin aikinsa har yau in gida ya yi shiru: gizago yana cin katakon maɗaci, zarto yana kai da kawowa, da ɗan tak-tak-tak ɗin da ba ya ƙarewa, wanda nawa ne. Aikina in yayyaga tsumma, in dafa kwalta a gwangwani, in bi tsakanin katako da katako ina cusa tsumman da ɗan ƙarfe da guduma. Hannuna bai taɓa rabuwa da baƙi ba, Gwaggo ta goge shi da yashi har ta gaji ta bar ni. In an gama sabon jirgi ba a hawa shi nan take. Sai an nutsar da shi a bakin gaɓa da duwatsu kwana uku ya sha ruwa ya kumbura, kowace kafa ta rufe bakinta. Baba yakan ce jirgin katako mai rai ne, ƙishi ke kashe shi, ba ruwa ba. Zanen iska kuwa buhunan fulawa ne daga masu burodi. Gwaggo ta farke su, ta wanke, ta ɗinke da zare mai kauri, amma rubutun da ke jikinsu ba ya fita duka, sai ka ga jirgi tsakiyar tafki yana tallan fulawar da ba a taɓa ɗorawa a cikinsa ba. A cikin duk jiragen da Baba ya ƙera, guda ɗaya ya riƙe wa kansa, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Mutane suka yi ta zolayarsa, suna cewa jirgin da ba zai ɗauki tunkiya biyu da mai su ba, jirgin me ke nan. 

Wanda bai taɓa zama cikin irin wannan jirgi ba lokacin da zane ya sha iska, da wuya in iya gaya masa, amma zan gwada. Kana tuƙi da filafili, kafaɗa tana zogi, gumi yana shiga ido, sai ka ji sanyi a ƙeyarka. Baba ya ja igiya, zanen ya yi fat-fat sau biyu, sannan ya cika ya yi shiru. Daga nan aiki ya ƙare. Jirgi ya ɗan karkata gefe, sanda ta yi ƙara a raminta, ruwa ya fara sumbatar katako a ƙarƙashin ƙafarka. Kana tafiya ba ka biya kowa ba, ba ka wahalar da kowa ba. Kana jin sakwarar da wata mata ke kirɓawa a can gaɓa, kana jin ladan, kana jin lokacin da cikin jirgi ya shafi kan reshe a ƙarƙashin ruwa, ka kauce kafin ya zama magana. Baba yana ratsa matattun itatuwan nan yana kiransu da sunan masu su: ga tsamiyar liman, ga mangwaron mahauci, ga rimin kasuwa. Titunan garin da ya nutse yake bi, kamar yana tafe a ƙasa da takalminsa. Yanzu fa? Jirgi ne mai tsawon masallaci, an lafta masa doya da shanu da babura da mata masu goyo, an maƙala masa inji a gindi yana ihu har ba ka jin maganar na kusa da kai. Matuƙin bayan ruwa aka haife shi, bai san akwai tsamiya a ƙarƙashinsa ba, balle ya san ta liman ce. Sai ya hau kan kututture da gudu. Mu kuma a Tamale mu ji a rediyo, mu yi salati, mu ci gaba da shan shayi.

Ni ne ɗan farin Baba, shi kuma mutumin zamanin da ne. Mutumin wancan zamani ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi, ba ya dubansa ido cikin ido in da mutane. Yaran yanzu da ke hawa wuyan ubansu suna ƙwace masa waya ba za su gane wannan ba. In yana son guduma sai ya ce da iska, "A miƙo guduma." In na yi ɓarna sai ya ce, "Wani ya bar kwalta ta ƙone." In aka zo nemana sai ya ce, "Mutumin yana ciki." Ƙannena da aka haifa bayan ya sake aure, su yana ɗora su a cinya yana kiran sunansu har da na wasa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai hana ni yunwar kalma ɗaya daga bakinsa ba, yunwar da nake kwana da ita nake tashi da ita. Sunan Inna ma bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko labarinta. In Gwaggo ta ɗauko zancenta sai ya tuna yana da aiki a bakin ruwa.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ya ci abinci, sai ya ce, "A kwance jirgi." Mu biyu ne kawai. Mu ratsa itatuwan tsohon gari, mu wuce rimin kasuwa, mu yi ta tafiya har mu fita wani fili na ruwa fetal, inda babu komai sai marke guda ɗaya a tsaye, siriri, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare. A nan yake sauke zane, ya ɗaure jirgi a jikin marken, ya juya mini baya ya zauna. Ba ƙugiya, ba koma, ba abin da muka zo ɗauka. Leɓensa yana motsi, amma leɓen Baba kullum cikin motsi yake da tasbihi. Igiyarmu ta ci jikin itacen har ta yi masa zobe-zobe, wani sama wani ƙasa, gwargwadon cikar ruwa da janyewarsa. Ni kuwa in kwarfe ruwa da ƙoƙo, in gama, in yi ta gyangyaɗi ina tunanin tsarana suna can suna kokawa a yashi. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaya me muke yi a nan. Bai juyo ba ya ce, "Iska ake sha." Na karɓa a haka, don babba ba ya maimaita magana.

Shekarar da gemuna ya fara tsirowa, hadarin farkon damina ya kama mu a hanya, sandar zane ta tsage tun daga tsakiya. Lokacin tafki ya janye iyakar janyewarsa, ruwan arewa bai iso ba tukuna. Baba ya shiga daji neman wata, amma duk miƙaƙƙen itace na kusa an riga an sare shi don rumfa da bandar kifi, abin da ya rage karkatattu ne da masu taushi. Juma'a biyu muka je filin nan da filafili kawai, muka dawo kamar an yi mana duka. A ta biyun na ga yadda numfashinsa ke fita da ƙyar lokacin da yake ɗaure igiya. Ina zaune ina kallon marken, sai dabara ta faɗo mini. Ga itace busasshe, miƙaƙƙe, mai tauri, ba na kowa ba, yana tsaye a banza tsakiyar ruwa, mu kuma muna wahalar nema a tudu. Har mamaki na yi yadda tsoho mai basira irin Baba bai gani ba.

Ran Talata ya tafi kasuwar wani gari sayen ƙusa, zai kwana. Da hantsi na ɗauki zartonsa na kwance jirgi ni kaɗai. Da na auna, abin da ke saman ruwa bai kai tsawon da ake so ba, sai na tuɓe na shiga. Na riƙe numfashi na nutsa, na sa zarto ƙasa da fuskar ruwa da kamu guda cur. Zarto a cikin ruwa ba ya ƙara, a ƙashin hannunka kawai kake jin sa. In ja sau biyar, in taso in shaƙi iska, in koma. Itacen ya yi tauri kamar ƙarfe, azahar ta wuce ban gama ba. Da ya karye bai ko yi iyo sosai ba saboda nauyi, sai da na ɗaure shi a gefen jirgi. Na juya na dubi wurin. Ruwa ya rufe, babu ko alama, fili ya zama fili daga wannan gefe har wancan. Na ji daɗin tsabtar aikina.

Na feƙe shi da gizago, na kankare, na shafe shi da man kaɗe, na kafa shi, na ɗaura zane. Washegari da la'asar Baba ya dawo ya tarar da ni a bakin ruwa ina ta goge abin da ba ya bukatar gugewa. Ya tsaya yana kallon jirgi. Ya shiga, ya shafa sandar daga sama zuwa ƙasa, hannunsa ya tsaya a kan zoben igiya, wanda na kankare amma bai ɓace duka ba.

"Daga ina aka samo wannan?"

"Marken nan na fili ne, Baba, inda muke shan iska. A ƙarƙashin ruwa na yanke shi don ya kai tsawo."

Ya ɗaga kai ya dubi tafki, ya daɗe yana duba. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ina tsaye ina murmushi kamar wawa.

"Ya miƙe," in ji shi. "Allah ya yi albarka."

Yabon farko ke nan da na taɓa samu daga bakinsa. Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, har Gwaggo ta tambaye ni ko budurwa na yi.

Juma'a ta zo muka fita. Sabuwar sanda ta ɗauki iska ba ta ko rusuna ba, jirgi yana gudu kamar an kore shi. Da muka isa filin, Baba ya sauke zane, ya ɗauki gwangwala ya shiga caka ruwa, nan da can, nan da can, har rana ta yi ja. Na ce wani abu ne ya faɗa? Ya ce ba komai. Juma'a ta gaba haka, ta gaba ma haka. Sannan ruwan arewa ya sauko, tafki ya cika, gwangwala ta daina taɓa komai. Daga ranar ya miƙa mini filafilin tuƙi na baya, wurin zaman mai jirgi, shi kuma ya koma bencin gaba ya jingina bayansa da sandar. Na ɗauka girma aka ba ni. Na yi ta fankama a gaban tsarana, wanda bai tambaya ba ma sai ya ji labarin yadda na yi zarto a ƙarƙashin ruwa.

Fankamar ce ta kai ni. Wata rana da la'asar Gwaggo tana juya kifi a kan banda, ni kuma ina ba wani baƙo labarin nan karo na ban san nawa ba. Sai ta jefar da itacen da ke hannunta.

"Kai, rufe mana baki haka! Ubanka ya roƙe ni da girman Allah kada in faɗa, amma ni na gaji da jin ka. Filin nan maƙabarta ce. Uwarka ce a gindin marken da ka yanke. Shi da hannunsa ya zaɓi wurin don kada ya ɓace masa."

Ta gama faɗa ta toshe bakinta da tafin hannu, ta fashe da kuka, ta kama ni tana cewa in yafe mata. Baƙon ya ɗauki takalminsa ya sulale. Kifin ya ƙone a ranar.

Na yi nitso a filin nan har jini ya fito mini ta hanci. Na san kan kututturen a baje yake, hannuna zai gane aikin zartona. Amma ruwan kamar koko yake, ba ka ganin tafin hannunka, filin kuma ba shi da gabas ba shi da yamma tun da na cire masa abu ɗaya da ke tsaye. Na taɓa duwatsu, na taɓa rassa, na taɓa tsohuwar koma, ban taɓa shi ba. Baba ya ga jajayen idona da jiƙaƙƙen wandona ya san na sani. Abin da ya ce kawai, "A bar shiga ruwan nan, akwai kada." Ba mu taɓa yin maganar ba har ya bar duniya. Kuma zan faɗi gaskiya, na yi fushi da shi shekara da shekaru. Kalma uku za ta tsare komai: uwarka tana nan. Shekara nawa ina zaune a bayansa ina gyangyaɗi a kan kabarin uwata, ko fatiha ban taɓa yi mata a wurin ba, saboda kunya. Na tsani kunyar nan kamar yadda na tsani hannuna.

Da ya rasu aka binne shi a tudu, na jera duwatsu a kansa masu yawa har mutane suka ce ya isa. A lokacin inji ya shigo, babu mai son ƙaramin jirgi kuma. Na tafi neman aiki rani ɗaya na bar namu a gaɓa, na dawo na tarar ƙishi ya kashe shi, katako ya buɗe baki har ɗan akuya yana leƙe ta ciki. Na zare sandar, na ɗaure ta a saman motar doya, na zo Tamale. Dubi ikon Allah, ni da na tashi a jirgi na ƙare a garin da mata ke bin tankar ruwa da galan rawaya, daga Choggu har Dabokpa, garin da ruwa ke zuwa famfo kamar baƙon da bai yi alkawari ba. Na koma ƙofa da bencin makaranta da makara. Na yi aure, na gina gida, na kafa sandar a tsakiyar rumfa. Ba ta ɗauke da komai, ni take ɗauke da shi. Kowace shekara ina tona gindinta in zuba baƙin mai saboda gara. Marigayiya matata ta taɓa tambayata me ke tsakanina da wannan itace, na ce yana da daɗin jingina.

Da aka haifa mini ɗan fari na rantse a raina ba zan yi masa abin da aka yi mini ba. Bakina ne ya ƙi. In na buɗe shi zan kira sunansa sai in ji muryar Baba ta fito, "A kawo buta." Har ya girma ya zama mai walda, yana da shagonsa a Choggu, furfura ta fara shiga gemunsa, "wannan" nake ce masa. Kullum yana kawo mini wani abu, ƙofar ƙarfe, kujera, abin rataye tufa, ya ajiye ya tsaya yana sosa ƙeya, ni kuma in ce an gani. Niyyata in ajali ya matso in kira shi in gaya masa komai, in ce a yanka sandar gunduwa-gunduwa a jera mini a kabari, in kwanta ƙarƙashin itacen da Inna ta kwanta. Ina asibiti matarsa ta haifi mace, na aika a sa mata sunan Inna, aka kawo mini shinkafar suna har gado na ci a ɓoye da gishirinta. A ranar na yanke shawara cewa jira ya isa. Ina sa ƙafa a gida zan zaunar da shi a rumfa in faɗa. Na shirya maganar kalma kalma, ina ta maimaita ta a cikin yalo-yalo bayan mun bar jirgin furannin nan.

Muka isa. Na ratsa zaure, sai na ga tsakar gida ta yi haske fiye da yadda na san ta. Babu rumfa. A wurinta baranda ce, daɓen siminti, sabon kwano, ginshiƙan ƙarfe an shafe su da koren fenti, da fanka a sama, da kujera mai taushi. Ɗana yana tsaye a gefe, hannu a baya, namiji mai furfura kamar ɗan makarantar da ke jiran sakamako.

"Baba, sannu da zuwa. Ka gani? Sati biyu ni da yarana muna kai. Yanzu ruwa ba zai taɓa ka ba kuraa, ko ɗigo, gara ma ba shi da abin ci. Duka fayif ne, bututun ƙarfe."

Na ce, "Sandar fa?"

"Wane? Tsohon itacen tsakiya? Ai Baba, shi ya ba mu wahala paa, gatari biyu ya lalata. Amma wuta, wallahi ban taɓa gani ba. Ran suna mata sun ce shi kaɗai ya dafa shinkafa duka. Wanda muka kawo maka asibiti, ka ce ya yi daɗi."

'Yata ta riƙe hannuna, ta ɗauka jiri ne. Maganar da na shirya tana nan a kan harshena, ba abin da ya ɓace a cikinta. Na dube shi ido cikin ido. Yana murmushi, yana jira, kuma na san wannan fuskar, na taɓa sa ta a bakin ruwa da man kaɗe a hannuna.

Na ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi albarka."

Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya. 'Yata ta tafa hannu ta ce, "Yaya, yau Baba ya yaba ka! Sai ka yanka kaza." Ya juya da sauri wai zai kunna fanka, amma na ga yana share ido da gefen riga.

Sai ranar na gane abin da ya faru a bakin ruwa. Shirun da Baba ya yi kafin zarto kunya ce, kuma ta ci mu, ni ma na yi irinta ina sane da inda take kaiwa, don haka ba ni da bakin zarginsa. Amma wanda ya yi bayan zarto ba kunya ba ce. Ya dubi fuskar ɗansa ne ya haɗiye kabarin matarsa, ya zauna da shi a ciki har ya mutu. Na daɗe ina fushi da mutumin da ya fi kowa tausaya mini.

Shi ya sa ban sa sunan kowa a cikin wannan rubutu ba, kuma shi ya sa na yi shi da Hausa, wadda ɗana yake ji amma ba ya iya karantawa. Gwaggo ta daɗe a ƙasa, babu wanda ya rage da zai yi masa abin da ta yi mini. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ina zama a sabuwar baranda, a kawo mini jaririyar in riƙe, in karanta wa Inna abin da ya sawwaƙa. Ɗana yakan leƙo ya tambaya ko fanka ta yi yawa, in ce iska ake sha. Bayana ne dai bai ji labari ba. Har yanzu yakan koma a hankali yana neman itace, sai ya tarar babu komai.